Maigida ya ɗauke katin rigakafi, ya ce ba a ƙara huda masa ɗa

Assalamu alaikum Anti, don Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Gombe, yarana biyu, babbar shekararta 5, ƙaramin kuma yanzu satinsa 9. Matsalata allura ce. Bara da damina babbar ta yi zazzaɓi muka kai ta wani kemis a unguwarmu, mutum uku suka danne ta aka mata allura a ɗuwawu kwana uku a jere, tun daga nan ko farar riga ta gani sai ihu, hanyar kemis ɗin ma ba ta yarda mu bi. Shi kuma jaririn da na kai shi rigakafin sati 6 kwana ya yi yana kuka, jiki zafi, cinya ta kumbura, Hajiya uwar mijina ta gasa masa da ruwan zafi ta shafa man zafi amma kamar ƙara abin aka yi. Babansu ya ɗauke katin ya ce ba a ƙara huda masa ɗa. Sati mai zuwa ne ranar komawa. Ni kaina gaskiya tsoron allura nake, ranar ma miƙa shi na yi wa wata mata a layi na fita waje don jiri ke ɗaukata in na gani. Akwai abin da zan yi a rage musu zafin nan? Ko in haƙura da rigakafin kawai a zauna lafiya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su ya shirya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita ta fi tsaya min a rai: a'a, kar ki haƙura da rigakafin. Amma kuma ba zan ce miki ki daure kawai ba, don wannan "daure" ɗin ita aka yi ta faɗa mana muna yara ana danne mu, ga shi mun girma har yau wasunmu in suka hango sirinji sai ƙafa ta ɗauki rawa. Akwai abubuwan yi sosai, yawancinsu ko sisi ba za ki kashe ba, kuma wanda ya fi duka ƙarfi ga jariri a jikinki yake, ke ce dai ba kya wurin ranar.

Ba faɗa nake miki ba fa da na ce ba kya wurin. Kawai ki kwatanta abin daga wajen shi yaron, an ɗauke shi daga jikin da ya sani an miƙa wa baƙuwa, ba warin uwarsa ba muryarta, an buɗe masa cinya iska ta buga, sai tsiro, sai wani tsiron. Rabin ihun nan na firgita ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fitar da matsayarta kan rage zafin allurar rigakafi a 2015, abubuwan da ta sa a gaba ba wasu na'urori ba ne, cewa ta yi uwa ko mai kula da yaro ta kasance a wurin, a rungume jariri, kuma a ba shi nono ana dab da yi ko ana cikin yi. Nonon nan abu uku yake haɗawa lokaci ɗaya, ga zaƙi a baki, ga tsotso da ke kwantar masa da hankali, ga ɗumin jikinki. Yadda za ki yi shi ne, in an kusa zuwa kanki a layi ki gyara zama ki sa shi a nono kamar minti 2 kafin allurar, ya kama sosai yana haɗiya, cinyar da za a yi tana waje ta ɓangaren malamar, hijabinki ya rufe sauran. Ana yi yana sha. Zai saki ya yi ƙara, wannan dole ne, kar ki firgita, ki mayar masa da shi baki ki ci gaba. Za ki ga kukan da a da sai kin fita har bakin titi neman Keke bai daina ba, yanzu kafin ki gama ɗaure zani ya koma ajiyar zuciya. Wasu mata a layi za su ce miki zai ƙware ko kuma zai tsani nono, ba haka ba ne, yaran da aka yi wa hakan lafiya lau suke ci gaba da shan abinsu.

A rigakafin sati 10 akwai na ɗigawa a baki, na shan inna da na gudawa, akwai kuma na allura. Ki roƙi malamar cikin ladabi ta fara da na bakin, sannan ki sa shi a nono, sannan allurai, wadda ta fi zafi a bar ta ƙarshe. Yawancinsu sun san wannan tsarin, cunkoso ne ke sa su sauri, mutum ɗaya ga mata sun fi hamsin a benci ga zafin Gombe, to in kin je da sassafe kafin layi ya yi tsawo kin fi samun ta da sauƙin kai. Ki sa masa kayan da cinya ke buɗuwa nan take, ba irin wandon nan mai maɓalli goma da sai an tuɓe yaro tsirara yana ihu tun ba a taɓa shi ba. Ƙafar kuma ki riƙe ta da tafin hannu yadda ba za ta fizge ba, ba matsewa kamar za a yanka kaza ba.

Akwai maganar ruwan sukari da za ki iya ji a wani wuri, gaskiya ce yana aiki ga jarirai, ƙaramin cokali ɗaya na sukari a ƙaramin cokali biyu na ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗiga kaɗan a harshe minti ɗaya zuwa biyu kafin allura. Amma wannan na wadda ba ta shayarwa ne, ke da kike da nono ba kya buƙatarsa, kuma ba abin da za a mayar na kullum ba ne in yaro ya yi kuka a gida. Zuma kuwa a'a. Na san mu da zuma sai Allah, amma yaron da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙe ta ba, ta sakar masa da jiki har numfashi.

Yanzu ke. Jirin nan da kike ji ba raki ba ne kuma ba ke kaɗai ba ce, akwai maza masu gemu da ke zubewa a ɗakin ɗibar jini. Abin da ke faruwa shi ne in kin ga allura ko jini sai bugun zuciya da hawan jininki su sauka farat ɗaya, jinin da ke zuwa kai ya ragu, sai gumi, sai duhu-duhu a ido. Tunda sauka yake yi, dabarar ita ce ki tayar da shi da kanki. Kina zaune ki ɗaure naman ƙafafunki da cinya da ɗuwawu da ciki tamau kamar kina tura abu mai nauyi, ki ƙirga zuwa 15 har ki ji fuska ta ɗan yi ɗumi, ki saki a hankali ki huta kamar daƙiƙa 20, ki sake, sau biyar. Hannuwa kar ki ɗaure su tunda yaro ke ciki. Ki fara gwadawa a gida tun yau, safe da yamma, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar kuma kar ki fita da yunwa, ki sha kununki ki ci ƙosai ki sha ruwa sosai, don mata da yawa sammako suke yi ciki ba komai su zauna awa uku a layi sannan su ce allura ce ta sa su jiri. In an zo yi idonki na kan fuskar ɗanki, kina masa 'yar waƙar da kike masa a gida, abin da hannun malama ke yi ba ruwanki da shi. Ki gaya mata tun farko cewa kina da jiri, kuma ki tabbata akwai wani zaune gefenki da zai karɓi yaron in kin ji abin na zuwa. Wannan kam ba wasa, ba na son ki zube da jariri a hannu. In kin ga duk da haka ba za ki iya ba a wannan karon, to ki shayar da shi dab da shiga, wanda ya saba da shi ya rungume shi, ke kina tsaye bayan labule, ana zare allura ki karɓe shi ki mayar a nono. Ya fi miƙa wa baƙuwa nesa ba kusa ba.

Kin ga wannan "wani zaune gefenki" ɗin, babansu nake so ya zama. Mu zo kansa.

Ni ban ga mugun mutum a wasiƙarki ba. Na ga uban da ya bar ɗansa da safe lafiya ƙalau yana wasa, ya dawo ya tarar da shi jiki rau da kumburarriyar cinya, ya kwana bai runtsa ba, kuma babu wanda ya taɓa masa bayanin cewa hakan na iya faruwa. Ke aka yi wa bayani a asibiti, in ma an yi, kuma kina waje lokacin. To me kike so ya ɗauka? A idonsa an karɓi lafiyayyen yaro an dawo masa da marar lafiya. Don haka in kin je masa da "ai likitoci sun ce" kina ɗaga murya, ƙara ɓoye katin zai yi. Ki bari ya ci abinci ya huta, ba gaban Hajiya ba, ba gaban yara ba, ki fara da ba shi gaskiyarsa, ki ce Abban yara wallahi ni ma daren nan bai bar raina ba, kuma akwai kuskuren da muka yi da ya ƙara masa wahala, na nemi shawara ga yadda za a yi wannan karon. Namiji in ya ji akwai tsari ya fi saurara fiye da in ya ji gardama.

Sannan ki masa bayanin zazzaɓin. Allurar da aka fi sani da kawo shi ita ce Penta, cuta biyar take karewa, mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus mai sandarar da jiki, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta da ke kawo sanƙarau da namoniya ga ƙananan yara. Ɗumin jikin da kumburin alama ce jiki ya ga abin ya fara haɗa garkuwa, kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. Sau uku ake yin ta, sati 6, sati 10, sati 14, kuma guda ɗaya ba ta isa, kamar ka fara katanga ne ka tsaya a layi biyu na bulo ka ce ka kewaye gida. Wahalar farko yaron ya riga ya sha, in an tsaya nan ya sha ta kusan a banza kenan. Mashaƙo kuma ba labarin da ba ne, tun ƙarshen 2022 ta ɓarke a ƙasar nan, Kano ta fi jin jiki, ta taɓa Yobe da Borno da Bauchi, duk maƙwabtanmu ne in ka cire Kano, kuma yawancin yaran da ta kwantar waɗanda ba su kammala rigakafi ba ne. Cuta ce da ke toshe wa yaro maƙogwaro yana kallonka yana neman iska. Ba don ki tsorata shi na faɗa ba, amma uba yana da haƙƙin ya san abu biyun da yake zaɓa a tsakani, kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

In ya ce sai ya yi tunani, ki bar shi ya yi. In ranar ta wuce ba a je ba duniya ba ta tashi ba, ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, sai dai kar a ja abin ya zama watanni. In kuma ya kafe, ban ba ki shawarar ki saci jiki ki kai yaron a ɓoye ba, don daren nan jiki zai iya yin ɗumi ya gane, sai maganar ta tashi daga allura ta koma kin raina shi, kuma saura na sati 14, da na wata 9 na ƙyanda da shawara, ciwon fa ba irin wannan tawa ba, da na wata 15, duka a ɓoye za ki yi? Ki nemo wanda yake jin maganarsa, yayansa ko abokinsa da ya kammala wa nasa yaran, ko limamin masallacinsu, ko ki roƙe shi ku je tare ya yi wa ma'aikacin asibitin tambayoyinsa da bakinsa. Da yawan maza a bakin get suke tsayawa kan mashin suna danna waya, ranar da ɗaya ya shiga ya ga yadda ake yi sai ka ji ya canja magana. Katin kuma ko ya ɓata akwai rajista a asibitin da aka fara, amma ki lallaɓa ya fito da shi da hannunsa, ya fi daɗi.

Hajiya kuma ki bi ta a hankali. Gashi shi ta sani, da shi ta yi jegonta ta yi na 'ya'yanta, a wajenta duk abin da ya kumbura ruwan zafi ne maganinsa, jikanta take so. Sai dai fatar jariri ba irin tamu ba ce, ruwan da hannunta ke ji daidai shi ƙona shi yake, ga murzawa a kan naman da ke ciwo, ga man zafi irin su Robb da ke da kafur da sinadarin da ke yaji a fata, waɗanda sam ba na jarirai ba ne. Abin da wurin ke so shi ne tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwa mai sanyi, na randa ma ya isa, a matse a ɗora na 'yan mintuna, ba murza ba matsa. Kar ki ce mata ta yi kuskure, ki ce malamar asibiti ta ce yanzu da ruwan sanyi ake yi, Hajiya ke za ki riƙa ɗora masa don hannunki ya fi nawa sanyi. Kin ba ta aiki kin kuma kare cinyar ɗanki. In ɗanta ne zai faɗa mata ma ya fi.

In jikin ya yi zafi bayan allura, ki rage masa kaya, ki yawaita ba shi nono, ki ba shi farasitamol na ruwa na jarirai daidai awon da malamar ta faɗa miki, ki tambaye ta tun kina can don da nauyin yaro ake aunawa ba da ido ba. Abin da ba a so shi ne a ɗura masa tun a gida kafin a fita wai don kar ya ji zafi, ba ya hana zafin tsiron, kuma akwai alamun yana iya rage ƙarfin aikin wasu rigakafin. Asfirin kuwa ba a ba yara. Abin da zai sa ki koma asibiti ba jira shi ne in ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono sam, ko numfashi ya canja, ko ihu ba tsayawa ya kai awa uku, ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu, ko kumburin maimakon ya sauka sai ƙaruwa yake yana ja yana tara ruwa. Ɗan ƙulli mai tauri da ke saura a cinya na wasu makonni kuwa da kansa yake bajewa. Haka ƙurjin da ke fitowa a dantse daga allurar BCG ta ranar haihuwa, kar a matse kar a sa masa komai, shi ne ke barin tabon nan da muke da shi.

Yanzu Ummi, haka zan kira ta, wadda ta fi ba ni tausayi a duk wasiƙar nan. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Yarinya 'yar shekara 4 a lokacin, tana fama da zazzaɓi, manya uku suka kife ta suka danne, gobe aka sake, jibi aka sake, kuma na tabbata a hanya an ce mata alewa za a sayo. Zafin allurar ta manta shi tuni, dannewar da ƙaryar ne ba ta manta ba. Gyaran kuma daga gida zai fara. Daga yau a daina "in ba ki yi shiru ba zan kai ki a miki allura", ke da babanta da Hajiya da 'yan uwa duka. Ni ma na yi wannan kuskuren da ɗana na fari, har sai ranar da ya ga wata baƙuwa da farin mayafi ta shigo gidan suna ya shige ƙarƙashin gado, sannan na gane abin da bakina ya shuka.

Ki samo sirinjin nan marar allura da ke zuwa cikin kwalin maganin ruwa, ki ba ta ta yi wasan asibiti da 'yar tsanarta, ita ce malama, ta goge wurin da auduga, ta ce wa 'yar tsana ta hura iska, ta yi mata, ta ce sannu kin yi ƙoƙari. Ta yi miki, ki yi mata. Yara ta wasa suke narkar da tsoro. Hanyar kemis ɗin ma kar ki ja ta da ƙarfi, yau ku tsaya daga nesa, wani satin ku wuce ta gaba ba shiga, har ta ga wucewa ba ya nufin dannewa. Ranar rigakafin ƙaninta dai kar ki je da ita tukuna.

Ranar da allura ta zama dole gare ta, kuma za ta zo, ko ɗibar jini ko rigakafin makaranta, ga na HPV mai kare kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata daga shekara 9 tun 2023, to ki gaya mata gaskiya da safen ranar, a taƙaice: za a miki allura, za ki ji kamar cizon tururuwa, kafin mu ƙirga goma an gama, ina riƙe da ke. Kar ki ce ba zafi, in ta ji zafin ta daina yarda da ke kenan. Ta zauna a cinyarki tana fuskantarki ƙirji da ƙirji, ƙafafunta sun zagaye ƙugunki, hannuwanki sun zagaye bayanta, kin ga ta riƙu ba za ta fizge ba amma a wajenta runguma ce. A zaune, ba a kwance ba, kwantar da yaro na ƙara masa tsoro. Ki ba ta zaɓi ƙanana, za ki kalla ko za ki juya, katun a waya ko balan-balan. Hura balan-balan ko kumfar sabulu na da kyau don dole ta ja dogon numfashi ta sake, jiki ya saki, kuma nama in ya saki allura ta fi shiga da sauƙi fiye da in an ɗaure shi. Wani abu da zai ba ki mamaki, yawan "sannu, yi haƙuri, yi haƙuri, ba komai" da muke jerawa da rawar murya ƙara firgita yaro yake, don yana ji a muryar cewa lallai akwai komai. Gara ki ja ta da hira, wace kala ce rigar da za ki sa da sallah, waye ya fi gudu a ajinku.

Tunda ta girma sanyi ma zai taimaka mata. Fiya wata mai ƙanƙara a naɗe a hankici a ɗora a wurin kamar rabin minti zuwa minti ɗaya kafin a goge a yi, in malamar ta amince. Dalilin shi ne wanda ke sa in kin buge gwiwa da turmi hannunki ke kai kansa wurin yana shafawa, saƙon taɓi da na sanyi suna rige-rigen hanya ɗaya da saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, sai su rage masa wuri. Wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka yi bayanin wannan a 1965, a kansa ne ma aka ƙera wata 'yar na'ura mai siffar ƙudan zuma, Buzzy, mai karkarwa da ƙanƙara a fukafukai. Ba sai kin neme ta ba. Jariri dai ba a sa masa ƙanƙara. Kuma in an goga sifirit a bari ya bushe tukuna, in ba haka ba allura na shiga da shi ciki, shi ne wannan yajin.

Akwai kuma man kashe zafi da ake shafawa a fata, wanda aka fi sani shi ne EMLA. Yana aiki, amma sai an shafa da kauri an rufe da leda ko filasta awa ɗaya kafin allura, kuma fata kawai yake kashewa, nauyin da ake ji can cikin nama in magani na shiga yana nan. Ba ko'ina ake samunsa ba kuma da ɗan tsada. Ga Ummi, a karon farko da za ta sake fuskantar allura, in da hali ni ina ganin ya cancanci kuɗinsa, don ta samu ko sau ɗaya da za ta ce ashe shi kenan? Ga jaririn kuwa kar ki shafa da kanki, 'yan ƙasa da wata 3 awonsu kaɗan ne ƙwarai kuma ba ya haɗuwa da wasu magunguna irin su Septrin, sai da izinin likita, nono ya ishe shi.

Sai maganar kemis, wadda ba ki tambaya ba amma sai na faɗa. Mu mun ɗauka in ba a yi allura ba ba a yi magani ba, har mu muke roƙo a yi. Zazzaɓin cizon sauro in bai yi tsanani ba, yaro na iya sha ba ya amai, ƙwayoyi irin su Coartem sau shida a kwana uku su ne maganinsa, bayan an yi gwaji an tabbatar shi ne. Allura ta mai tsanani ce, kuma mai tsanani wurinsa asibiti ba bencin kemis ba. Don haka duk inda aka ɗauko sirinji ki tambaya, akwai na sha da zai yi wannan aikin? Ba rashin kunya ba ne. Ɗuwawun ƙaramin yaro kuma wuri ne mai haɗari a hannun wanda bai ƙware ba, akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka har tafin ƙafa, in allura ta same ta ƙafar na iya saki yaro ya riƙa jan ta, balle yaron da ke fizge-fizge mutum uku na kansa. Shi ya sa jarirai a gefen cinya ake musu. Ku gode wa Allah Ummi ta tashi da ƙafarta. In har dole sai an yi, a yi a asibiti, a ɓare sabon sirinji a gabanki.

Daren ranar ki haɗa jakarki, kati, hankici biyu, ruwan shanki, kayan canji. Farasitamol ɗin ya kasance a gida tun kafin ku fita don kar a shiga neman kemis da tsakar dare, ki kuma faɗa wa babansu da Hajiya tun da rana cewa yau jiki zai iya ɗumi, in ya zo ba zai zo musu a ba-zata ba. Bayan an yi kar ki miƙe nan take, ki zauna minti 15 yana nono, ke ma jirin ya gama wucewa. In kun dawo ki rubuto min, ina son in ji ko Abban Ummi ya shiga ciki ko a bakin get ya tsaya.